Kafin Ki Ce "Nawa Ne Albashin?" Fara Cewa "Ƙarfe Nawa Ake Tashi?"

  

Yau dai ba hirar samari za mu yi ba, ba kuma ta kishiya ko ta dangin miji ba. Na san wasu har sun fara turo baki, to ku yi haƙuri ku biyo ni, don abin da na ɗauko ya taɓa soyayyar, ya taɓa karatun, ya taɓa lafiyar ma baki ɗaya. Maganar lokacin aiki ce: awa nawa ya halatta a tsare mutum yana aiki a rana, kuma in an zarce da shi, me za a biya shi?

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yawan koken da kuke aiko mini. Wata ta ce ta gama sakandare tana jiran sakamako, ta kama aiki a wani babban kanti, tun takwas na safe take tsaye sai tara na dare, ƙafafunta har sun fara kumbura. Wata kuma tsaron kyamis take yi, ba Asabar ba Lahadi, rabonta da zuwa bikin ƙawa ta manta. Wata a shagon ɗinki take, ta ce in sallah ta matso a kan keke suke kwana, amma ko kwabo ba a ƙara musu a kan abin da aka saba. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai cewa wanda zai aure ta ya yi sallama ya fi sau biyar ana ce masa ba ta dawo ba, har 'yan unguwa sun fara tsegumi, wai wane irin aiki ne wannan da budurwa ba ta shigowa gida sai goma saura? Ga shi ita baiwar Allah ba ta je ko'ina ba, tana can tana ƙirga wa wani kuɗinsa.

Dukkansu da na tambaye su, "Ran da za ki fara, kun yi maganar lokacin tashi?" amsarsu ɗaya ce, a'a. Albashi kawai aka faɗa, aka ce ki zo gobe, murna ta hana tambaya, kunya kuma ta ƙarasa sauran. To ai nan gizo ke saƙar. Naira dubu arba'in a kan awa takwas daban, naira dubu arba'in a kan awa goma sha uku daban. Kuɗin ɗaya ne, amma abin da kika sayar ba ɗaya ba ne.

Kada ki ɗauka wannan "awa takwas" ɗin da kike ji daga sama ta faɗo. Sai da aka sha wuya, aka zubar da jini kafin a same ta. A zamanin da masana'antu suka fara bunƙasa a Ingila, mata da yara ƙanana sukan yi awa goma sha biyu ko fiye a masaƙu. A shekarar 1817 wani mai masaƙa, Robert Owen, ya kawo shawarar a raba yini da dare gida uku: awa takwas na aiki, takwas na shaƙatawa da hidimar kai, takwas na barci. A lokacin kallon mai mafarki aka yi masa. Ranar 1 ga Mayun 1886 dubban ɗaruruwan ma'aikata a Amurka suka ajiye aiki suna neman awa takwas. Kwana uku bayan nan aka yi taro a dandalin Haymarket da ke birnin Shikago, wani ya jefa bom, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare, kuma a 1887 aka rataye mutum huɗu daga cikin jagororin ma'aikatan. Wannan ne asalin hutun ranar ma'aikata da muke murnar ba makaranta. A nan Nijeriya ma, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta jihar Kano ta ba da hutun tun a 1980, kafin gwamnatin Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981.

Amma labarin da na fi so ku riƙe na 'yan mata ne sa'o'inmu. A birnin Niyok na Amurka akwai kamfanonin ɗinka rigunan mata, yawancin ma'aikatansu 'yan mata ne baƙin haure, Yahudawa da 'yan Italiya, wasu ko shekara sha shida ba su cika ba. In aiki ya yi yawa sukan haura awa sittin a sati, a wasu wuraren ma har kuɗin allura da zare a jikinsu ake cira. A watan Nuwamban 1909 aka kira babban taro, manya suka yi ta dogon jawabi suna kwana-kwana, sai wata budurwa 'yar shekara 23 mai suna Clara Lemlich ta miƙe ta nemi a ba ta dama. Kafin wannan ranar an sha kama ta, 'yan daba sun taɓa karya mata haƙarƙari. Ta ce ta gaji da surutu, a tafi yajin aiki kawai. Wajen ma'aikata dubu ashirin suka fita, suka jure sanyin hunturu da duka da kamu har zuwa Fabrairun 1910, sannan kamfanoni da dama suka sauko, suka yarda da awa 52 a sati. Shekara guda bayan nan, ranar 25 ga Maris 1911, gobara ta tashi a ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi taurin kai, mai suna Triangle, ga ƙofar fita a kulle. Mutum 146 suka mutu, 123 daga ciki mata ne da 'yan mata. Ke dai bari! Duk sanda kika ga an tashi aiki ƙarfe huɗu, ki tuna akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan da rayukansu.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, a 1919. Hedkwatarta na birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, kuma tun 2022 ɗan Afirka ne ke shugabantar ta, Gilbert Houngbo na ƙasar Togo. Abin sha'awa da ita, ba gwamnatoci kaɗai ke zama ba, kowace ƙasa tana turo wakilan gwamnati da na masu ɗaukar ma'aikata da na ma'aikatan kansu. A zamanta na farko a Washinton, cikin wannan shekara ta 1919, kin san abin da ta fara yankewa? Lokacin aiki. Yarjejeniya mai lamba 1 ta ce a masana'antu kada a wuce awa 8 a rana, kada a wuce awa 48 a sati.

Ba wai ta toshe kowace ƙofa ba ne, ta bar wasu amma da sakata. In akwai ranar da ba a cika awa takwas ba, kamar a ce Asabar rabin yini ake yi, ana iya ƙarawa a sauran ranakun, amma ƙarin kada ya wuce awa ɗaya, wato tara ke nan. Masu aikin karɓa-karɓa, wasu safe wasu dare, suna iya zarcewa wata rana, muddin in aka haɗa lissafin sati uku bai haura ƙa'idar ba. Aikin da inji ba ya tsayawa ko na minti ɗaya an yarda ya kai awa 56 a sati. In haɗari ya auku, ko inji ya lalace dole a gyara cikin gaggawa, ko aiki ya taso da yawa ba irin na kullum ba, ana iya yin ƙarin lokaci, abin da ma'aikata ke kira obatayim. Sai dai fa ba mai kamfani ne zai yanke son ransa ba. Hukuma ce za ta ƙayyade iyakarsa bayan ta ji ta bakin ɓangarorin biyu, kuma ladan kowace awa ta ƙari kada ya gaza ladan awa ɗaya da rubu'i. Sannan dole a liƙa lokacin shiga da na tashi inda kowa zai gani, a kuma ajiye littafin da ake rubuta ƙarin awoyin.

Za ki ce, "To Anti, ni ai ba a masana'anta nake ba." An tuna da ke. A 1930 aka yi yarjejeniya mai lamba 30 don masu aikin kantuna da ofisoshi. Ita ma awa 48 ce a sati, takwas a rana, ta dai yarda a karkasa su yadda ya dace, da sharaɗin kada rana ɗaya ta wuce awa goma. Akwai wani abu a cikinta da nake so ki haddace kamar karatun jarrabawa. Ta ce lokacin aiki shi ne duk lokacin da kike ƙarƙashin umarnin mai aikin. Ke nan in kina zaune a kanti ba ciniki, kina kallon titi kina hamma, amma ba ki da ikon tafiya, wannan zaman aiki ne. Kada wani ya ce miki, "Yo me kike yi in ban da zama?" Zaman ai shi ya saya. Haka kuma yarjejeniya ta 14 ta 1921 da ta 106 ta 1957 sun ce a kowane kwana bakwai a ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere. Tun 1935 ma aka yi wata, mai lamba 47, da ta sa burin a sauko zuwa awa 40 a sati.

Bari mu yi ɗan lissafi, 'yan ajin kimiyya ku duba ni. Mu ɗauka ladan awarki naira 200 ne, wato a wata kina tashi da kusan dubu 42 in awa takwas kike yi, kwana shida a sati. Sai ga shi kina shiga takwas na safe ki fito takwas na dare. Awa 12 ke nan, a cire ɗaya ta salla da cin abinci, saura 11. A kwana shida ta zama 66, a cire 48, kin yi ƙarin awa 18. Kowace awa ta ƙari naira 250 ce, sati ɗaya naira 4,500, sati huɗu naira 18,000. Tabɗijam! Ya kusa rabin albashinki, kuma kyauta kike barinsa duk wata, kina tafe kina godiya.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, kada gobe ki je ki tsaya gaban mai kanti kina cika baki da dokar Janiba. Waɗannan yarjejeniyoyi ba sa hawa kan ƙasa sai ta amince ta sa hannu. Nijeriya ta shiga ƙungiyar tun 1960, ta kuma amince da yarjejeniyoyi masu yawa, amma ban da ta 1 da ta 30. Maƙwabtanmu sun ɗan fi mu a nan. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta rubuta ɓaro-ɓaro, awa 8 a rana ko 40 a sati, ta Jamhuriyar Nijar ta 2012 ita ma awa 40 ce a sati. Tamu kuwa, sashe na 13 cewa ya yi lokacin aiki shi ne abin da ku biyu kuka daidaita a kai, ko abin da ƙungiyar ma'aikata ta daidaita da masu kamfani, ko wanda hukumar tsara albashin wannan sana'a ta yanke. Duk abin da ya haura wannan shi ne obatayim, amma ba ta faɗi nawa za a biya ba.

Kin gane abin da wannan ke nufi? Maganar da kuka yi ran farko ita ce dokarki. In ba ku yi ba, kin bar ƙofa a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka dokar tamu ba ta bar ki hannu rabbana ba. Ta ce duk wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ta ce a kowane kwana bakwai akwai hutun yini guda, awa 24 a jere, in kuma an sa ki aiki a ranar, to a rama miki da wata ko a biya ki kuɗin ƙari. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ki takarda a rubuce kafin wata uku su wuce, mai ɗauke da sharuɗɗan aikin, har da lokacinsa. In kin shekara kina aiki kina da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinki. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana don ta ba ɗanta nono. Wadda ba ta kai shekara 16 ba kuwa, ba a yarda ta yi awa huɗu a jere ta zarce ba hutu ba, ba a kuma yarda ta wuce takwas a rana ba.

Wata za ta ce ita ƙarfinta ya kawo, yarinya ce, za ta jure. Hmm, jiki magayi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO suka fitar da bincike cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awa a wurin aiki. Mai yin awa 55 ko fiye a sati, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya fi na mai yin 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. A Japan har suna suka raɗa wa abin, karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki. A 2013 wata 'yar jarida mai shekara 31 a gidan talbijin na NHK zuciyarta ta buga, aka duba aka ga ta yi ƙarin awa 159 a wata guda, hutun kwana biyu kacal ta samu. A 2018 dole ƙasar ta yi dokar da ta sa wa obatayim iyaka, awa 45 a wata, 360 a shekara, in ban da yanayi na musamman. Wannan lissafin likitoci ne. Ba su sa darasin da kika rasa ba, da fom ɗin jami'ar da kika saya ba ki sami sukunin buɗe littafi ba, da tsayuwa bakin titi ƙarfe tara na dare kina jiran a-daidaita-sahu gabanki na faɗuwa.

To mene ne abin yi? Ba cewa na yi ki yi rashin kunya ba, tambaya cikin ladabi ba ta taɓa zama tsiwa ba, matambayi kuma ba ya ɓata. Ran da aka kira ki, bayan gaisuwa ki ce, "Ranka ya daɗe, daga ƙarfe nawa ne zuwa ƙarfe nawa? Wace rana ce hutu? In aka zarce, kamar lokacin azumi da sallah, yaya ake yi?" In nauyi kike ji, tafi da yayanki ko ƙanin mahaifinki ya yi miki, ya kuma zama shaida. Ki nemi a rubuta, ko da a fallen takarda ne, ko a saƙon waya ki adana. Ki sayi ƙaramin littafi, kullum ki rubuta sanda kika shiga da sanda kika fito, don baki yana musu amma rubutu ba ya yi. In ku da yawa ne a wurin, ku haɗa baki ku je tare, tsintsiya ɗaya ba ta shara. In abin ya faskara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon duba yadda ake yi a duniya in za ta yanke hukunci. Na san aiki ya yi wuya, na san wata ita ke cefanen gidansu, ba za ta iya cewa ta fasa ba. Amma wadda ta tambaya tun farko, ko ba ta sami duka ba, takan sami wani abu, mai aikin kuma ya san ba makauniya ya ɗauka ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Saura magana ɗaya, ita kuma tamu ce mu da kanmu, kowa ta dafa ƙirjinta. Yarinyar nan da ke aiki a gidanku, ƙarfe nawa take tashi daga barci, ƙarfe nawa take kwanciya? Ita ce shara da asuba, ita ce wanke-wanke, ita ce goyo, ita ce aike, in baƙi sun zo goma na dare ita za a tasa ta hura wuta. Ki ƙirga mata awoyinta yadda muka ƙirga naki, wallahi sai kin ji kunya. Abin takaici, wancan sashe da ya hana a sa 'yar ƙasa da shekara 16 aikin fiye da awa takwas ya cire masu aikin gida daga ciki. Wata doka dai ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. A 2021 ILO ta ƙiyasta masu aikin gida a duniya sun haura miliyan 75, kuma uku cikin huɗunsu mata ne. Don su aka yi yarjejeniya mai lamba 189 a 2011, wadda ta ce a daidaita su da sauran ma'aikata wajen lokacin aiki da kuɗin ƙari da hutu, a ba su awa 24 a jere duk sati, ta kuma nemi ƙasashe su lissafa zaman jiran "zo nan, je can" cikin lokacin aiki.

Ba sai mun jira majalisa ba kafin mu gyara wannan. In kin dawo daga makaranta, ɗauki kwanon da kika ci ki wanke. Ki sa baki wajen Umma a bar ta ta yi barcin rana, a ba ta yini guda ta je ta ga nata iyayen, a sa ta ko makarantar yamma ce. Ke amaryar gobe, ran da kika ɗauko mai taya ki aiki, ki faɗa mata lokacin farawa da na gamawa tun kafin ta tambaya, don ita ba za ta iya tambayar ba. Ba zai yiwu mu yi kukan mai kanti ya tsare mu awa goma sha biyu ba, alhali muna tsare 'yar wani awa goma sha shida.

Nan zan dasa aya. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku, musamman waɗanda suka gwada yin tambayar nan, ina so in ji yadda ta kaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.